Me Ake Gyarawa a Manhajar da Ba Ta Tsatsa? Fashin Baƙi Kan Aikin Daniel Stenberg

Tun da ƙirƙirarriyar basira ta fara rubuta manhaja cikin daƙiƙoƙi, ana ta jefa wata tambaya a tsakanin matasan da ke koyon gina shafukan intanet: idan na'ura za ta yi aikin mako guda kafin shayi ya huce, me ya rage wa babban injiniyan da ya yi shekara ashirin yana wannan sana'a? Akwai kuma tambayar da ta girme ta, wadda masu makarantu da asibitoci da shaguna suke yi idan wanda ya gina musu shafi ya dawo da takardar kuɗin kulawa: "Malam, ba na biya ka ba tun bara? Shafin nan mota ce da za a ce tana shan mai?"

Tambayoyin biyu uwa ɗaya ta haife su. Dukkansu sun ɗauka cewa aikin manhaja yana ƙarewa ranar da aka miƙa ta. Gaskiyar magana ita ce ranar ce ake fara aikin da ya fi tsawo, ya fi cin kuɗi, kuma ya fi buƙatar ƙwararre. Don a ga yadda abin yake, babu kamar a dubi rayuwar aikin mutum ɗaya, Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin, wanda tun 1998 yake riƙe da wata manhaja mai suna curl.

## Ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ce ke motsi

Rubutun manhaja ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa. Abin da aka rubuta a 2010 yana nan harafi da harafi. To amma babu manhajar da ke zaune ita kaɗai. Shafin makaranta yana zaune ne a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye shi tana miƙa wa duk wanda ya nema. An rubuta shi da wani yare na kwamfuta, yana jingine da wasu manhajojin da waɗansu suka rubuta, yana kuma magana da burauzar wayar mai ziyara. Kowanne daga cikin waɗannan yana canzawa ba tare da neman izinin mai shafin ba.

Ga misali a fili. Ƙa'idar da burauza da saba suke magana da ita, HTTP, ta fito da salo na 1.1 a 1997, salo na 2 a 2015, salo na 3 a 2022. Ƙa'idar da ke rufa asirin abin da ake aikawa, TLS, ta samu sabon salo na 1.3 a 2018, aka kuma bi tsofaffin ana yin watsi da su saboda an gano rauninsu. Yaren PHP, wanda manhajar gina shafuka ta WordPress take tsaye a kansa, yana daina tallafa wa tsofaffin salonsa bayan 'yan shekaru. An rufe littafin PHP 7.4 a watan Nuwamba na 2022. Duk shafin da ya tsaya a kansa bayan wannan lokaci, idan aka gano wata sabuwar ɓarakar tsaro, babu gyaran da zai zo daga masu yaren.

Abin ya fi kama da gidan ƙasa. Maginin bai cuce ka ba, amma damina tana zuwa kowace shekara, kuma wanda bai yi yaɓe ba, bai duba indararo ba, shi ne zai kwana yana tara kwano.

Masana sun daɗe da rarraba wannan aiki: akwai gyaran kuskure, akwai daidaita manhaja da sabon yanayi, akwai ƙara mata abin da masu amfani suka nema, akwai rigakafin matsalar da ba ta bayyana ba tukuna. Wani bincike da Bennet Lientz da Burton Swanson suka wallafa a 1980, bayan sun tambayi hukumomi da kamfanoni 487, ya nuna cewa gyaran kuskure bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na aikin kulawa ba. Mafi yawan wahalar tana tafiya ne wajen sauya abin da ke aiki lafiya domin duniya ta sauya. Akwai kuma abin da Ward Cunningham ya kira bashin fasaha a 1992: duk lokacin da aka bi gajeriyar hanya don a cim ma wa'adi, an ci bashi ne, kuma ana biyan kuɗin ruwansa a kowane gyara na gaba.

## Mutumin da ya fara da farashin canji

An haifi Stenberg a 1970. Ya fara koyon rubuta manhaja yana matashi a kan kwamfutar Commodore 64. A ƙarshen 1996 yana da wata 'yar manhaja da ke amsa tambayoyi a zaurukan hira na IRC, sai ya so ya ƙara mata sanin farashin canjin kuɗi. Farashin yana kan wani shafin intanet, yana buƙatar abin da zai riƙa ɗauko shi kullum ba tare da mutum ya buɗe burauza ba. Ya samu wata ƙaramar manhaja mai suna httpget da wani ɗan Burazil, Rafael Sagula, ya rubuta. Ya fara aika masa gyare-gyare, kafin a jima riƙon manhajar ya dawo hannunsa. Sunanta ya koma urlget, daga baya kuma curl, ranar 20 ga Maris 1998.

Ina son mai karatu ya lura da wannan mafari, domin yana ɗauke da labarin gaba ɗaya. Tun ranar farko Stenberg bai fara da farar takarda ba. Aikin wani ya ɗauka ya gyara.

Aikin curl ɗan aike ne. A ba shi adireshi, ya je ya ɗauko saƙo ko ya kai. A shekarar 2000 aka fitar da zuciyarsa daban da sunan libcurl, yadda kowane mai rubuta manhaja zai iya saka ɗan aiken cikin tasa. Daga nan ya bazu. Yana cikin kwamfutocin Apple, Microsoft ya saka shi cikin Windows 10 a 2018, yana cikin wayoyi da talabijin da na'urorin wasa da firinta da motoci. Maginan shafuka da PHP suna kiransa kullum idan shafinsu zai yi magana da kamfanin karɓar kuɗi ko na aika saƙon waya. Stenberg da kansa ya ƙiyasta cewa an girka shi sama da sau biliyan 20.

Duk da haka, shekara ashirin da ɗoriya ba curl ne ke ciyar da shi ba. Yana aikin albashi da rana, idan dare ya yi iyalinsa sun kwanta ya zauna kamar awa biyu a kan curl. Ya yi aiki da Mozilla daga 2014 zuwa ƙarshen 2018 a ɓangaren sadarwar burauzar Firefox. A 2017 Sarkin Suwidin ya miƙa masa lambar Polhem, tsohuwar lambar yabon injiniyoyi ta ƙasar. Sai a 2019, da ya koma kamfanin wolfSSL, curl ya zama aikinsa na cikakken lokaci, inda kamfanoni ke biyan kuɗin tallafi.

## Alƙawarin 2006

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ke bayyana salon aikinsa, wannan zan ɗauka. Tun salo na 7.16.0 da ya fito a watan Oktoba na 2006, libcurl bai sake karya hanyar da sauran manhajoji ke kiransa ba. Ma'ana, manhajar da aka gina a kansa a wancan lokaci, ana iya cire mata tsohon libcurl a saka na yau ta ci gaba da tafiya.

A baki abin yana da sauƙi. A aikace yana nufin duk kuskuren tsari da aka yi shekaru goma sha biyar da suka wuce, idan dai wani ya riga ya jingina da shi, dole a ɗauke shi a ci gaba da tafiya. Sunan da aka raɗa wa wani zaɓi ba daidai ba, yana nan. Za a iya ƙirƙiro sabo mai kyau a gefensa, amma ba za a cire tsohon haka kawai ba. Kamar maigidan da yake son faɗaɗa zaure, amma akwai maƙwabta ɗari da suka jingina katangarsu da tasa. curl ya fara da zaɓuɓɓukan umarni 24, yau sun haura 250, kuma kowane sabo sai an tabbatar bai taka ƙafar na baya ba.

Me ya sa zai ɗora wa kansa wannan nauyi? Domin wanda ya san cewa sabuntawa ba za ta karya masa aiki ba, shi ne ke sabuntawa. Wanda aka taɓa ƙonawa kuwa, sai ya manne wa tsohon salo da duk ɓarakar da ke cikinsa. Saboda haka alƙawarin rashin karyawa shi kansa matakin tsaro ne.

Abin da ke riƙe alƙawarin shi ne gwaji. Akwai gwaje-gwaje sama da dubu da ake gudanarwa kai tsaye duk lokacin da wani ya kawo sauyi, a kan nau'o'in kwamfuta daban-daban, kafin a karɓa. Ana fitar da sabon salo a kai a kai, bisa al'ada duk mako takwas, kuma makonnin ƙarshe kafin fitarwa ba a karɓar sabon abu sai gyara. Sauyi ƙanana ake so, waɗanda mutum zai iya karantawa ya fahimta, yadda idan abu ya lalace za a iya bin sawu a gano wanda ya jawo.

Ranar 20 ga Maris 2023 curl ya cika shekara 25, aka fitar da salo na 8.0.0. A al'adar masu manhaja, idan babbar lamba ta canza to a shirya wa karye-karye. A nan babu abin da aka karya, lambar ce kawai ta matsa. Amma cikin sa'o'i aka gano wani kuskure da ke sa manhajar faɗuwa, kafin ranar ta ƙare aka fitar da 8.0.1. A ranar bikin ma gyara aka yi.

## Ranar da kuskuren ya zama nasa

A watan Oktoba na 2023 aka sanar da ɗaya daga cikin munanan ɓarakar tsaro da curl ya taɓa samu, mai lamba CVE-2023-38545. Tana cikin sashen da ke bi ta wani ɗan tsakiya, wato kwamfutar da ke isar da saƙo a madadin mai nema, da ƙa'idar da ake kira SOCKS5. Ƙa'idar wannan ɗan tsakiya ba ta ɗaukar sunan adireshin da ya wuce haruffa 255. Idan suna ya fi haka tsawo, curl yakan sauya dabara ya nemo adireshin da kansa. A watan Fabrairu na 2020 Stenberg ya sake tsara wannan sashe don kada ya riƙa tsayar da sauran aiki yayin da yake jiran amsa. A cikin sabon tsarin, idan ɗan tsakiyar ya yi jinkiri, manhajar takan manta da shawarar da ta yanke, sai ta zuba dogon sunan cikin mazubin da bai kai girmansa ba, ya malala zuwa inda bai kamata ba. Irin wannan malala ita masu kutse ke nema.

Kuskuren ya zauna sama da shekara uku ba wanda ya gani. An gyara shi a salo na 8.4.0 ranar 11 ga Oktoba, bayan an sanar da masu rarraba manhaja tun da wuri don su shirya. Stenberg kuma ya rubuta bayani dalla-dalla da sunansa, yana nuna layin da ya yi kuskuren da yadda aka yi ya wuce idonsa da na gwaje-gwajen.

Abu biyu nake gani a nan. Na farko, ɓarakar ta shigo ne ta hanyar gyara mai kyakkyawar niyya, wanda ke nuna dalilin da ya sa ƙwararru ke taka-tsantsan wajen taɓa abin da ke aiki. Na biyu, girman injiniya yana bayyana a yadda yake tunkarar kuskurensa. Ƙaramin ma'aikaci yakan ɓoye, ko ya liƙe wurin ya yi shiru. Babba yana tambayar ta ina aka bi, ya ƙara gwajin da zai kama irinsa nan gaba, ya gaya wa waɗanda abin zai shafa.

## A rushe a sake gini?

Wannan ɓaraka ta sake tayar da wata tsohuwar muhawara. An rubuta curl da yaren C, wanda ba ya hana mai rubutu irin wannan malalar. Sababbin yaruka kamar Rust suna hana ta tun daga tushe. Masu neman a sake rubutawa suna da hujja mai ƙarfi, kuma Stenberg bai musa ba: ya amince cewa da yaren mai kariya ne da wannan kuskuren bai faru ba, kuma lissafinsa ya nuna tsakanin kashi 40 zuwa rabin ɓarakar curl irin kuskuren C ne.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kowane layi mai kama da shirme a tsohuwar manhaja, sau da yawa tabon wani rauni ne: wata saba da ke amsawa ba bisa ƙa'ida ba, wata na'ura da ke da ɗabi'a ta daban. Wanda ya rushe ya zubar da wannan ilimi, sai ya sake koyon sa da jikin masu amfani. Kamfanin Netscape ya gwada. Ya bar tsohuwar burauzarsa ya koma gini daga tushe a 1998, sabuwar ba ta fito ba sai Nuwamba 2000, lokacin kasuwa ta riga ta koma hannun Microsoft. Ga kuma cewa C yana tafiya a kan tsofaffi da ƙananan na'urori da yawa waɗanda sababbin yaruka ba su kai gare su ba.

curl ya gwada hanyar tsakiya. Daga 2020 aka fara aikin ba da damar amfani da wani sashe na Rust mai suna hyper a madadin na C. An kai aikin kusa da ƙarshe, amma masu amfani ba su nema ba, kuma ba a samu masu riƙe shi da suka iya yarukan biyu ba. A watan Disamba na 2024 aka cire shi. A ganina wannan hukunci daidai ne ga curl, duk da cewa wanda zai fara sabon aiki yau ya fi masa alheri ya zaɓi yare mai kariya. Sashen da ba shi da mai kula, ko da wane yare aka rubuta shi, kaya ne a kan sauran.

## Wa ke biyan mai yaɓe?

Lasisin curl ya ba kowa damar amfani da shi kyauta, da sharaɗin a bar takardar haƙƙin mallaka. Saboda haka adireshin imel ɗin Stenberg ya shiga allon motoci masu yawa, har masu mota kan rubuto masa suna neman ya gyara musu taswira ko rediyo. A watan Janairu na 2022, lokacin da duniya ke fama da ɓarakar wata manhaja mai suna Log4j, wani katafaren kamfanin Amurka ya aiko masa da jerin tambayoyi yana neman amsa cikin awa 24, alhali curl ba shi da alaƙa da Log4j, kamfanin kuma bai taɓa biyan sa sisi ba. Ya amsa musu cewa zai yi farin cikin ba da amsa da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi.

Stenberg yana cikin masu sa'a. A 2014, da ɓarakar Heartbleed ta fallasa sabobi masu ɗimbin yawa, sai aka gano cewa OpenSSL, manhajar rufa asirin saƙo da ɓarakar ke cikinta, wadda bankuna da gwamnatoci ke dogaro da ita, gudummawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. A 2024 abin ya fi ban tsoro. Manhajar xz, mai matse fayiloli, tana hannun mutum ɗaya, Lasse Collin, wanda ya bayyana cewa aikin na sa-kai ne kuma ƙarfinsa ya gaza. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana, sannan ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse. Ranar 29 ga Maris, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya fallasa ta bayan ya lura shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin abin ya wuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan gajiyar mai kula ce.

An fara farkawa. Jamus ta kafa asusun tallafa wa irin waɗannan manhajoji, curl yana cikin waɗanda suka amfana. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta fara aiki a Disamba 2024, wadda daga ƙarshen 2027 za ta tilasta wa masu sayar da kaya masu manhaja su ci gaba da fitar da gyaran tsaro bayan sayarwa.

## To, ƙirƙirarriyar basira fa?

Abin da curl ya gani ya kasu biyu. Daga 2019 ya riƙa biyan lada ga wanda ya gano ɓaraka. Daga farkon 2024 Stenberg ya fara kokawa da rahotannin da na'ura ta rubuta, masu kyan tsari da ƙarfin murya, amma ɓarakar da suke bayani babu ita. Mai aikowa minti biyu ya ɓata, 'yan tsirarun masu dubawa kuwa sai sun kashe sa'o'i kafin su tabbatar ƙarya ce. Abin ya kai a ƙarshen Janairu 2026 aka daina biyan ladan. A ɗaya gefen, a 2025 wani mai bincike da ya san aikinsa ya yi amfani da kayan binciken da ke da wannan basira ya kawo kurakurai na gaske masu yawa, aka gyara su, Stenberg kuma ya yaba a fili.

Na'ura ta sauƙaƙa rubutu, don haka rubutun da ke jiran mai karantawa da mai ɗaukar alhaki ya ƙaru. Matashin da ke koyo a Kano ko Zinder, idan yana son wurin zama a sana'ar, ya saba da karanta abin da wani ya rubuta, ya koyi rubuta gwaji, ya koyi bin sawun kuskure. curl yana rubuta sunan duk wanda ya taimaka a takardar kowane sabon salo, ko da rahoton kuskure ɗaya ya kawo, kuma sunayen sun haura 3,000.

Shi kuwa mai makaranta ko shago da zai ba da kwangilar shafi, akwai abin da ya kamata a daidaita kafin kuɗi su fita: wa zai riƙa sabuntawa, nawa ne a shekara, ina ake ajiye kwafin bayanai, kuma an taɓa gwada dawo da su? Sunan shafin da asusun sabar su kasance da sunan mai shi, kalmomin sirri kuma a hannunsa. Rajistar sunan shafi shekara-shekara ake sabunta ta, kuma saƙon tunatarwa yana zuwa ne a imel ɗin wanda ya yi rajistar. Idan na maginin ne, ya kuma canza gari ko lambar waya, ranar da iyaye za su duba sakamakon jarrabawa ce Alhaji zai ji labari.